Haɗa kwamfutar wasanni da kuɗi kaɗan: kayan da suka dace da Safana da Batsari

Kwamfutar wasanni ita ce wadda aka tanadar wa ƙarfin sarrafa hoto domin wasanni irin su eFootball da GTA V da EA Sports FC, wanda aka sani da FIFA kafin 2023. Matasa da masu shagunan gem a Safana da Batsari kan nemi kayanta a birnin Katsina, ko Beirut Road a Kano, ko Computer Village da ke Ikeja a Legas. A wannan yanki kuwa, rashin tsayayyar wutar lantarki da zafin bazara da ƙurar hunturu su ne ke yanke hukunci kan abin da ya kamata a saya.

Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar. Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021, na da cibiyoyin aiki 6, an tsara ta kan wat 65, kuma tana ɗauke da sashen hoto a cikinta. Saboda haka tana buga wasannin ƙwallo a matsakaicin inganci ba tare da katin hoto na daban ba.

Madabod ita ce allon da komai ke hawa kansa, kuma dole raminta ya dace da firosesa. Ramin 5600G shi ne AM4, wanda ake samu a allunan A520 da B550. Tsofaffin B450 sukan buƙaci a sabunta manhajarsu ta BIOS tukuna. Firosesar Intel ba ta shiga wannan rami ko kaɗan.

Ram ɗin da ke tafiya da AM4 shi ne DDR4. Gigabait 16 ya wadatar, kuma guda biyu masu gigabait 8 sun fi guda ɗaya mai 16, domin sashen hoton firosesar daga ram yake aron wurin aiki. Ma'ajiyar SSD mai gigabait 512 ta fi tsohon hadis sauri nesa ba kusa ba.

Katin hoto shi ya fi cin kuɗi da wuta, don haka ana iya jinkirta shi. GTX 1650 na jan kimanin wat 75, RX 6600 kuwa wat 132. Ga mai dogaro da sola ko ƙaramin janareta, wannan bambanci na nufin ƙarin batir ko fetur kullum. Idan na hannu ne, a gwada shi da wasa mai nauyi a gaban mai sayarwa kafin a biya.

Akwatin rarraba wuta ba wurin rowa ba ne, domin araha ba ta ado. Marar inganci na iya ƙona madabod da katin hoto a lokaci guda. Mai wat 450 zuwa 550 da tambarin 80 Plus ya isa irin wannan haɗi. Ana haɗa shi da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta, da UPS domin a samu damar kashe na'urar idan an ɗauke wuta kwatsam.

Gidan kwamfutar ya kasance mai ragar tace ƙura da fanka gaba da baya, a ɗora shi kan tebur, a riƙa hure shi a kai a kai lokacin hunturu. Idan kuɗi ya gaza, gara a fara da firosesa mai sashen hoto da ingantaccen akwatin wuta, a ƙara katin hoto ranar da hali ya samu.