Rabilu Musa Ibro

Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ɗan Ibro (1971 – 10 ga Disamba, 2014), ɗan wasan barkwanci ne a masana'antar finafinan Hausa ta Kannywood. Ana lissafa shi a sahun gaba na waɗanda suka ɗaukaka finafinan ban dariya da ake kira camama.

Farkon rayuwa

An haife shi a ƙauyen Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa a Jihar Kano. Ya yi firamare a Ɗanlasan, sannan ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Ya yi aikin gandiroba na wasu shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi fim.

Sana'a

Ya fi fitowa a matsayin baƙauye mai wauta da wayo a haɗe, wanda yakan shigo birni ya rikita kowa. Yakan ɗauki abin da jama'a ke magana a kai ya mayar da shi abin dariya, kamar a Ibro Awilo, Ibro Usama da Ibro Saddam.

A 2008, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta tsananta wa 'yan fim, wata kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko. Haka tsohon gandiroban ya koma gidan yari, wannan karon a matsayin fursuna.

Rasuwa

Ya rasu a Kano bayan fama da ciwon ƙoda.