Tarihin Keken Ɗinki: Injin Da Ƙafa Ke Tuƙawa

 A wannan makon za mu waiwayi keken ɗinki na ƙafa, wanda kusan kowace unguwa ta san ƙararsa.

A shekarar 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar injin ɗinkin da ya ƙera. Ya kafa wajen guda tamanin a birnin Paris, ana ɗinka wa sojoji kaya. A 1831 teloli masu ɗinkin hannu suka far wa wurin suka ragargaza injinan, don suna ganin za a raba su da abincinsu. Mutumin ya rasu a 1857 cikin talauci.

A Amurka kuwa, Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846, mai zare biyu, na sama da na ƙasa, da allura mai kafa kusa da tsini. Isaac Singer ya fito da nasa a 1851, Howe ya maka shi kotu, ya kuma yi nasara a 1854. Duk da haka sunan Singer ne ya game duniya, musamman bayan da kamfaninsa ya fara sayar da keken bashi a 1856, ana biya kaɗan-kaɗan.

Hikimar tana ƙarƙashin tebur. Tela na taka feda, sandar ƙarfe na juya babbar ƙafa, bel ya ɗauki juyin ya kai wa ƙaramar da ke sama, ita kuma ta motsa allura. Hannu biyu sun huta da juyi, sai riƙon yadi kawai. Shi ya sa har gobe, in an ɗauke wuta ana jajibirin Sallah, mai keken ƙafa yakan kunna fitila ya ci gaba da aiki, mai na lantarki kuma yana neman fetur.

Marubuci ya lura da telolin Paris ɗin nan. Talakawa ne da iyali a wuya, suka ga injin da ya fi su sauri nesa ba kusa ba. Shi ma Thimonnier tela ne ɗan uwansu. In za ka rubuta labarin sabon abu da ya shigo gari, ka ba mai murna baki, ka kuma ba wanda zai rasa sana'arsa nasa bakin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.