Nazari kan Rubuce-rubucen Sarah Tishkoff da Abin da Yawan Ambato ke Aunawa

A jami'o'in zamani, idan ana son sanin matsayin mai bincike, abu biyu ake fara dubawa: yawan maƙalun da ya wallafa da yawan ambaton da aka yi musu. Abin da muke nufi da maƙala a nan shi ne rahoton bincike da ya fito a mujallar ilimi bayan wasu masana fannin sun tantance shi. Ambato kuwa shi ne wani mai bincike ya kafa hujja da maƙalar, ya sanya ta cikin manazartarsa. Daga waɗannan biyun ne masanin kimiyyar fiziya Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin h a 2005: wanda ma'auninsa ya kai 40 yana da maƙalu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Ƙidayar kanta ta girmi wannan ma'auni, domin tun 1964 Eugene Garfield ya fara fitar da kundin ambaton maƙalun kimiyya, wanda ya zama tushen rumbun Web of Science. Za mu gwada waɗannan ma'aunai a kan aikin mutum ɗaya, Farfesa Sarah Tishkoff ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka, mu ga abin da suke kamawa da abin da ke kuɓuce musu.

Tishkoff ta yi digirinta na uku a Jami'ar Yale a 1996, kuma yawancin aikinta a kan ƙwayoyin gado na al'ummomin Afirka ne. Ƙwayar gado wani yanki ne na sinadarin DNA da ke ɗauke da umarnin yadda jiki zai sarrafa wani abu, iyaye kuma su gadar da shi ga 'ya'yansu. Muna iya kasa rubuce-rubucenta gida uku. Akwai na tarihin al'ummomi, kamar maƙalar 2009 a mujallar Science, wadda ta nazarci al'ummomin Afirka 121. Akwai na yadda jiki ya daidaita da muhallinsa, wato cuta da rana da abinci, kamar aikin 2001 kan sinadarin G6PD da zazzaɓin cizon sauro, da na 2017 kan launin fata. Sai na jan hankali, kamar maƙalar 2019 a mujallar Cell, inda ita da abokan aikinta suka nuna cewa mafi yawan waɗanda ake nazarin ƙwayoyin gadonsu 'yan asalin Turai ne. A gida na biyu ne gado da abinci suka haɗu, kuma a nan za mu daɗe.

Madara tana ɗauke da wani sukari da ake kira laktos, kuma hanji ba ya iya tsotse shi sai sinadarin laktes ya raba shi biyu. Jarirai kusan duka suna da laktes, amma bayan yaye yana raguwa a jikin mafi yawan mutane, shi ya sa ɗanyar madara ke sa wasu manya kumburin ciki da gudawa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na manyan duniya ne laktes ɗinsu ke ɗorewa. A 2002 wasu masu bincike a Finlan suka gano sauyin harafi ɗaya a DNA, can nesa kaɗan da ƙwayar gadon laktes, wanda ke bayyana wannan ɗorewa ga Turawa. Matsalar ita ce makiyayan gabashin Afirka suna shan madara lafiya lau, amma da wuya a sami wannan sauyi a jikinsu. Tishkoff da tawagarta suka gwada mutum 470 a Tanzaniya da Kenya da Sudan, suka ba su laktos suka auna yadda sukarin jininsu ke tashi, sannan suka duba ƙwayoyin gadonsu. Maƙalar da ta fito a mujallar Nature Genetics a 2007 ta nuna wasu sauye-sauye uku dabam da na Turai, kuma mafi yaɗuwa cikinsu ya bazu ne cikin shekara 7,000 da suka wuce, lokacin da ya yi daidai da bazuwar kiwon shanu a yankin. Wato buƙata ɗaya ce, amma jikin Bature da na makiyayin Afirka kowanne ya bi tasa hanya. Wani aikin da ya biyo baya a 2014, wanda Alessia Ranciaro ta jagoranta a ɗakin binciken Tishkoff, ya sami sauyin nan na Turai a jikin Fulani, abin da ya buɗe wata tambayar game da tarihin cuɗanyarsu da arewacin Afirka.

An ambaci maƙalar 2007 fiye da sau dubu, amma wannan adadi tarin abubuwa ne mabambanta. Akwai ambaton gini, inda wani ya ɗauki sakamakon ya ɗora sabon bincike a kai, kamar masu neman waɗannan sauye-sauye a Habasha ko yankin Larabawa. Akwai ambaton aro, inda aka ɗauki dabarar gwaji kawai. Akwai ambaton gaisuwa, wanda marubuci ke jefawa a gabatarwa don a san ya san magabata; maƙalar da ta zama misalin da kowa ke bayarwa tana samun irin wannan da yawa, kuma ba kowane mai ambaton ba ne ya karanta ta. Akwai kuma ambaton gyara ko musu. A 2022, alal misali, Richard Evershed da abokan aikinsa sun nuna a mujallar Nature cewa mutanen Turai sun shafe dubban shekaru suna shan madara kafin ɗorewar laktes ta yawaita, suka ce wataƙila yunwa da annoba ne suka tace masu ita. Irin wannan aiki yana tilasta a sake duba dalilin bazuwar, amma a wurin na'urar ƙidaya, wanda ya gaskata ka da wanda ya ƙalubalance ka maki ɗaya suke ba ka.

Wani abin da ƙidaya ba ta gani shi ne rabon aiki. A wannan fanni al'ada ita ce sunan farko na wanda ya fi yin aikin ne, na ƙarshe kuma na shugaban ɗakin bincike. Shi ya sa Tishkoff ta zo farko a 2007, ta zo ƙarshe a 2014. A tsakiya akwai masana irin su Muntaser Ibrahim na Jami'ar Khartoum da Thomas Nyambo na Tanzaniya, waɗanda ta hannun irinsu ake samun izini da amincewar jama'a. Ma'aunin h yana ba kowane suna maki cikakke, yayin da a bakin mutane maƙalar ta mutum ɗaya ce. Duka biyun ba su yi adalci ba.

Haka nan fannoni ba su yi daidai ba wajen yawan ambato. Maƙalar Oliver Lowry ta 1951 kan dabarar auna furotin ta haura ambato 300,000, saboda kowane ɗakin gwaji yana buƙatar dabarar, yayin da aikin Gregor Mendel na 1866, tushen ilimin gado baki ɗaya, ya zauna kusan a mance har 1900. Saboda irin haka ne masana suka fitar da sanarwar San Faransisko da aka tsara a 2012, wadda ta nemi a daina auna mutum da sunan mujallar da ya yi wallafa a ciki.

A ganinmu, tasirin maƙalar 2007 ya fi fitowa a wurin da ba a ƙirga ambato, wato ɗakin gwajin asibiti. Gwajin gado da ke neman sauyin Turai kaɗai zai ce makiyayin gabashin Afirka mai shan madara kullum ba ya iya narkar da ita, kuma likitan da ya dogara da shi zai iya hana mutum abincin da ya fi amfanarsa. Bayan wannan aiki da makamantansa, duk mai haɗa irin wannan gwaji don mutanen Afirka dole ya sanya sauran sauye-sauyen a ciki, ko kuma ya koma ga tsohuwar hanya ta ba mutum laktos a auna numfashinsa ko jininsa.