Zagayen Asuba a Gindin Dam

Tun da dam ɗin Alau ya ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, kowa ya zama masanin madatsun ruwa. Kwamitoci suka bazu. Wani kwamiti ya zo har ƙaramin dam ɗin da na yi yawancin aikina a kansa kafin in ajiye aiki: motoci a jere, samari da hular kwano, da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto. Suka tsaya a saman jinga suka kalli ruwa, jirgi ya yi shawagi, kafin azahar sun kama hanya. Ko mutum ɗaya bai sauka gindi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don dam ɗin ƙasa ta bayansa yake fara faɗin ciwonsa, ba ta wajen da ruwa yake kwance yana ba mutane sha'awa ba.

Mu da muka shiga aikin a ƙarshen shekarun 1970 mun tarar da dama-damai sababbi fil. Marigayi Audu Bako, da ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya riga ya kafa harsashi, farin 1973 kuma ya rufe bakin masu cewa ɓarnar kuɗi ce. Ga Bagauda, ga Tiga da aka gama a 1974, sannan na tsakiya da ƙanana, wasu a zamaninsa wasu bayansa: Tomas, Watari, Gari, Jakara, Kafin Ciri, Guzuguzu, Magaga. Labarin gininsu kowa ya iya shi. Labarin riƙonsu ne ba a bayarwa, saboda waɗanda suka riƙe su ba masu shiga jarida ba ne. Dam irin namu yana da foman, da leburori, da mai gadi, da mai karanta geji, wato ma'aunin tsayin ruwa. Ni ne mai karanta geji, da 'yar takardata ta sakandare da girman kai daidai da ita.

Foman ɗinmu, Allah ya jiƙansa, dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin En'e, yana haƙar tafki da diga da kwando. Bai yi boko ba, da ajami yake rubutu, sai ni in juya shi cikin babban littafi. Baba Foman muke ce masa, har injiniyoyin da ke zuwa daga birni. Abin da ya koya mana, wanda yau ya ɓace ɗungurungum, shi ne zagayen asuba. Da an sallame salla za mu fita, kafin shanu su tattake sawu, kafin rana ta busar da danshi. Ta gindi muke bi, daga wannan gefe zuwa wancan, shi kuma ba takalmi. Ya ce tafin ƙafa yana jin sanyi da laushin ƙasa kwanaki kafin ido ya ga lema. Na ɗauka camfi ne irin na tsofaffi, har sai da na ga yana tsayawa a wurin da ba komai, ya kafa turke, bayan mako a ga ciyawar wurin ta fi ta kewaye kore, a tsakiyar rani.

A aljihunsa kullum akwai farar kwalba. Inda naso yake fitowa a ƙasan duwatsu zai tara ta, ya ɗaga ta saitin gabas. “Yaro, zo ka gani. Wannan gumi ne, duk mai aiki yana gumi. Ran da ka ga ya fito da launin koko, jini ne, ka ajiye komai ka hau keke.” Gaskiyar aikin ke nan gaba ɗaya. Ba jingar ƙasa da ba ta naso. Ruwa garau yana wucewa ya bar ƙasa a inda take, amma ruwa mai dauɗa yana tafiya da cikin jingar ne ƙwaya-ƙwaya, yana haƙa hanya daga baya zuwa gaba, har ranar da hanyar ta haɗu da tafkin. Ko kwalbar ta yi garau ba ya yarda, sai ya ajiye ta a taga zuwa la'asar, ya duba ko laka ta kwanta a gindinta. Ni kuma ina riƙe da gwangwani da agogo, ina ƙirga daƙiƙa nawa yake ɗauka ya cika. Sai a haɗa da geji. In ruwan dam ya hau naso ya ƙaru, ba komai. In geji yana nan inda yake amma gwangwani ya fara saurin cika, ranar ba wanda zai ci tuwo cikin kwanciyar hankali.

Tsaga ma ba duka ɗaya ba ce a wurinsa. Wadda ta bi tsawon jinga, sai ya buga ƙusa biyu a gefe da gefe, a riƙa aunawa da zare. Wadda ta gitta, daga ruwa zuwa baya, ba ta kwana: a tone ta har inda ta ƙare, a cika da jar ƙasa mai danshi, a daka hawa-hawa. Haka gara. Rushe suri a bar shi aikin banza ne, sai an bi shi an fito da uwar. Gafiya kuwa yaran ƙauye ya ɗora wa, yana biyan su daga aljihunsa, ga su da nama.

Maganar tono ta tuna mini rigimar darbejiya, ko da yake wannan daga baya ne sosai, lokacin da aka shiga yayin dashen itatuwa don tare hamada. Wasu bayin Allah da kyakkyawar niyya suka zo suka jera dashe a saman jingarmu, har da ban ruwa da tafi. Baba Foman bai ce uffan ba, har da shi aka yi addu'a. Washegari ya sa muka tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya muka mayar bakin hanya. Ƙara ta kai gaban dagaci. Ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, saiwa ruwa take nema, ruwan kuwa yana wancan gefen. Ran da itacen ya mutu saiwar ta ruɓe, ramin da ta bari wa zai toshe shi? Gidanka ne na farko a ƙasan dam.” Dagaci ya sallame mu. Yau je ka duba ƙananan dama-damanmu, wasu har inuwar hira ake yi a kan jinga. Kuma sare babban itace a bar kututture ya fi barinsa a tsaye haɗari. In za a cire, sai an rage ruwa, a tone saiwa duka, a sake dakawa.

Sai daminar 1988. A watan Agusta marka ta zauna, Bagauda ya ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Mu muna namu dam ɗin, a kan jinga muke kwana da fitila. Abin da ya cece mu an yi shi ne tun bazara. 'Yan lambu sun saba jera buhunan yashi a bakin mafitar rarar ruwa don dam ya ƙara riƙe ruwan tumatir da alkama. Ba mugunta ba ce, ruwa ne kuɗinsu. Amma tazarar nan da ke tsakanin ruwa da saman jinga ita ce ran dam, don jingar ƙasa ba ta jure ruwa ya haura ta ko na sa'o'i kaɗan. Baba ya sa aka kwashe buhunan, aka sare kacalla da ta toshe hanyar, ya sha zagi har ana cewa baƙin ciki yake yi da arziƙin mutane. Daren da ruwa ya zo, mafitar ta ɗauke shi cike da bakinta. Tiga ma, da girmansa, a 1992 sai da aka rage tsayin mafitarsa don gudun irin wannan.

Abin haushi, a daidai lokacin da ya kamata a ƙara riƙo, a lokacin aka saki. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya shigo a 1986, Naira ta faɗi, aka fara sallamar leburori 'yan kullum. Wanda ya mutu ko ya yi ritaya ba a maye gurbinsa. Giris ya daina zuwa. Da, ko ba a bukatar ruwa, muna buɗe bawul mu rufe lokaci-lokaci don kada ya ci tsatsa, kuma a hankali, saboda zuƙe ruwa da sauri yana sa fuskar jinga ta zame. Yanzu akwai ƙofofin da ko mutum goma ba za su juya su ba. Gyara ya koma kwangila, kwangila kuwa tana son abin da ake gani: fenti, allo, sabon ɗakin gadi. Ba wanda yake samun kaso a yankan ciyawa ko toshe ramin gafiya. Masu bulo suna ɗibar ƙasa a gindin jinga, shanu sun mai da gangarenta burtali, ana noma har bakin ruwa laka tana cika tafki.

Littattafanmu su ne suka fi ci mini rai. Na je neman su, na tarar gara ta cinye su a sito. Ba takarda aka rasa ba. Yau in matashin injiniya ya ga ruwa yana tsattsafowa a gindi, ba shi da hanyar sanin ko tsohon naso ne tun zamanin Baba, ko jiya ya fara. Ban raina ilminsu ba, sun fi mu lissafi, jirginsu kuma yana nuna yadda laka ta ci tafki fiye da yadda kwalekwalenmu da gora suka taɓa nunawa. Amma ziyarar shekara-shekara ba ta kama ciwon da yake girma cikin mako guda.

Roƙona ga masu iko da 'yan lambu ɗaya ne. Duk dam ɗin da akwai gidaje a ƙasansa, a sa masa mutum guda mazaunin wurin, mai albashi duk wata, da littafi, da kwalba, da lambar wayar wanda zai kira da tsakar dare, mai unguwa kuma ya san tudun da jama'a za su nufa. In gwamnati ta yi nawa, ƙungiyar masu noman rani ta haɗa kuɗin, bai kai asarar kadada ɗaya ta tumatir ba. A yi shi da bazara kafin ruwan farko ya sauka, kada a jira Agusta.