Tarihin Ɗaurayar Tsiro da Ma'aunin Hatsi a Dafuwar Giyar Gida

Giyar Turai da tsiron sha'ir ake yin ta. Akan ɓarza tsiron, a jiƙa shi cikin ruwa mai zafin digiri 65 ko kusa da haka na tsawon awa guda, har garin ya juye ya zama sukari, sannan a tace. Abin da ake nufi da "ɗauraya" a nan shi ne yayyafa sabon ruwan zafi bisa dusar, domin a kwaso zaƙin da ya saura cikinta.

Ɗauraya ba daɗaɗɗiyar al'ada ba ce. A Ingila ta dā, akan tsiyaye ruwan farko a dafa shi dabam, ya ba da giya mai ƙarfi, sannan a sake jiƙa dusar a sami marar ƙarfi. A Sikotilan aka soma ɗauraya cikin ƙarni na 18, ta bazu a Ingila cikin ƙarni na 19. A wannan zamani tsiro yana da tsada, saboda harajin da aka aza masa a Ingila tun 1697, a Sikotilan kuma a 1725, har aka yi tarzoma a Gilasgo. Sai a 1880 aka soke harajin. Ɗan kasuwar da ke biyan haraji kan kowane mudu ba zai zubar da zaƙi cikin dusa ba.

Da Birtaniya ta ɗauke wajabcin lasisi ga mai dafawa a gida a 1963, shugaba Jimmy Carter kuma ya halatta hakan a Amurka a 1978, masu dafuwar gida sun kwaikwayi masana'antu. Cikin shekarun 1990 George Fix, masanin lissafi Ba'amurke, ya nuna cewa barin ɗauraya yana ƙara wa giya ɗanɗanon tsiro. Watau a zuba ruwan duka tashi ɗaya, a tace sau ɗaya.

Farashin wannan sauƙi a hatsi ake biyansa. Kowane kilo na tsiro yana riƙe kusan lita 1 ta ruwa mai zaƙi. In an jiƙa kilo 5 cikin lita 30, lita 5 za su tsaya cikin dusa, kusan kashi ɗaya bisa shida ke nan. In kilo 10 ne cikin lita 35, hasarar ta kusa kashi ɗaya bisa uku. Shi ya sa akan ƙara kimanin kashi 20 zuwa 25 bisa 100 na tsiro, kuma hanyar ta fi dacewa da giya marar ƙarfi.

Bisa ga haka, adadin hatsi ba ya da ma'ana shi kaɗai. Duk mai fassara irin wannan ma'auni zuwa Hausa, wajibi ne ya faɗi hanyar da adadin ya dogara da ita, domin kilo 4 na mai ɗauraya daidai yake da kilo 5 na wanda ba ya yi.