Soket Mai Ido Uku da Yaƙi Ya Haifa

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bama-bamai sun rugurguza dubban gidaje a Ingila, jan ƙarfen waya kuma ya yi ƙaranci. A 1942 gwamnati ta kafa kwamitin tsara wutar gidajen da za a sake ginawa. Mace ɗaya tilo ce a cikinsa, Caroline Haslett.

Dabararsu ita ce waya guda ta zagaye ɗakuna ta koma inda ta fito, soket-soket su rataya a jikinta. An samu rarar jan ƙarfe, amma wutar da ke zagayawa ta fi ƙarfin wayar fitila ko ta rediyo. Shi ya sa ƙa'idar BS 1363 ta 1947 ta sa wa kowane fulogi fiyus nasa, mafi girma amfiya 13. Ƙafar fulogin ta sama ta fi tsawo, ita ke buɗe murfin soket da ke kare yatsun yara. A 1984 aka wajabta lulluɓe gindin ƙafafun ƙasa.

Nijeriya da Gana sun gaji wannan soket daga Turawan mulki. Sai dai a shagunan cajin waya na Kano, da tsinken ashana ake tura murfin a cusa fulogi mai ƙafa biyu.