Inda Ake Samun Bayanan Gwamnati Kan Yanayi da Bala'o'i: Jagora ga Mazauna Gwantu da Kudancin Kaduna

Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, tana yankin da damina ke faɗuwa tun wajen watan Afrilu, ta kai har Oktoba. Manomin da zai yi shuka da magidancin da zai yi gini kusa da rafi duk suna bukatar sanin abin da damina za ta zo da shi. Akwai hukumomin gwamnati da aka ɗora wa alhakin tattara waɗannan bayanai.

Hasashen damina

Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa (NiMet), wadda doka ta kafa a 2003, tana fitar da hasashen yanayi na shekara a farkon kowace shekara. Rahoton yana nuna lokacin faɗuwar damina da ɗaukewarta, da yawan ruwan da ake sa ran samu, da wuraren da za a iya fuskantar fari a tsakiyar damina. Wannan yana taimaka wa manomi kada ya ruɗu da ruwan farko ya yi shuka, iri ya ƙone a ƙasa. Hukumar tana kuma fitar da hasashen kwana uku-uku.

Ambaliya

Hukumar Kula da Ruwaye ta Ƙasa (NIHSA), wadda aka kafa da dokar 2010, tana auna koguna, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Tana kasa ƙananan hukumomi bisa girman barazana: mai tsanani, matsakaiciya da ƙarama. Mazauni zai iya duba sunan Sanga ko Jema'a ya ga rukunin da suka faɗa a shekarar. Ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasa, da ta 2022, wadda ta kashe fiye da 600, sun nuna muhimmancin wannan rahoto.

Motsin ƙasa

A watan Satumba na 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, Ƙaramar Hukumar Jaba, gine-gine suka tsattsage. Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai (NGSA) da cibiyar binciken motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya (NASRDA), su ke sa ido kan irin wannan.

Agajin gaggawa

Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa (NEMA), wadda aka kafa a 1999, tana aiki da hasashen NiMet da NIHSA wajen gargaɗin jama'a, tare da takwararta ta Jihar Kaduna. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Yadda za a yi amfani da su

Ana samun rahotannin a shafukan hukumomin na intanet, da ta gidajen rediyo da malaman gona. Hasashen shekara yana magana ne kan yanki mai faɗi, ba gona ɗaya ko unguwa ɗaya ba. Don haka ya kamata a haɗa shi da hasashen kwanaki, da kuma sanin dattawan gari game da inda ruwa ya saba malala a shekarun baya.